Tsohuwar Jif da Shanyewar Birki: Tushen Tsadar Gyara a Tambuwal da Kebbe

A cikin cututtukan tsohuwar mota, na birki ne ya fi yaudarar mai ita. Idan inji ya lalace, mota ta zauna a ƙofar gida ke nan, ba lodi, ba fasinja, ba kuɗin cefane, dole a nemo kuɗin gyara ko da bashi ne. Haka giya, haka kuloci. Birki kuwa yana iya mutuwa rabi, amma mota ta tashi da safe lafiya lau, ta ɗauki kaya, ta je kasuwa ta dawo. Don haka shi ne gyaran da ake ɗagawa zuwa ƙarshen wata, ko bayan girbi, ko ranar da Allah ya hore. Sai ranar da ta ƙi tsayawa sannan a ja ta zuwa gareji, bakanike ya jero kaya bakwai ko takwas, mai mota ya riƙe baki ya ce an so a cuce shi.

Akwai kanikawa masu cuta, babu musu. Amma mafi yawan tsadar da masu tsofaffin jif da a-kori-kura suke kuka da ita a kudancin Sakkwato tarin ƙananan gyare-gyare ne da ba a yi a kan kari ba, faɗuwar naira kuma ta zo ta ninka ta. Kafin a yanke wa kowa hukunci, ya kamata a dubi ƙasar da motar ke bi, da asalin motar, da abin da ke faruwa a cikin ƙarafanta.

Ƙasar da motocinta

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Aliero da Jega ta nufi Yawuri da Kontagora, wani yanki na hanyar A1 da ta haɗa Legas da kan iyakar Nijar a Illela. Nan kwalta ce, ga tireloli, ga tankokin mai, ga gudu. Da zarar an sauka daga kwalta zuwa ƙauyukan Sanyinna ko Dogon Daji, ko aka nausa ƙasar Kebbe wajen Kuchi da Girkau da Margai, labari ya sake. Kebbe ta yi iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, Gulbin Zamfara kuma ya ratsa ƙasarta kafin ya wuce Jega. Da rani rairayi ne da ƙura. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, laka ce da kwazazzabai da ruwa kwance a kan hanya. Mota guda ce za ta bi wannan da safe, ta hau kwalta da rana tana gudun kilomita 100 a awa.

Shi ya sa mota mai jan ƙafa huɗu take da daraja a nan. Da ita ake fito da shinkafa da gero da albasa, da ita ma'aikatan rigakafi suke shiga lunguna, da ita ake ɗauko mai naƙuda da tsakar dare. Sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka zo hannun masu su suna sababbi. Wasu daga gwanjon gwamnati suka fito, wasu kyautar ɗan siyasa ce bayan an gama yaƙin neman zaɓe da su, wasu kuma 'yan Beljiyam ne da suka shigo ta Kwatano ko Legas. Land Cruiser samfurin 80, wadda har yau ake yabon ƙarfinta, a tsakanin 1990 da 1997 aka ƙera mafi yawanta. Mitsubishi ta daina ƙera Pajero a 2021, tsohuwar Land Rover Defender kuma tun 2016. Hilux dai ana ta fitar da sababbi tun 1968, amma wadda ke jigilar buhuna a ƙauye sau da yawa ta girmi yaron motar da ke kanta.

Matsalar ta wuce Sakkwato. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Binciken da hukumomin Holan suka yi a kan motocin da ake fitarwa ta tashoshinsu ya gano cewa yawancinsu ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki, kuma shekarunsu tsakanin 16 da 20 ne. Akwai wani ciwo da irin waɗannan motoci ke zuwa da shi wanda mai saye ba ya dubawa. A Kanada da arewacin Amurka da Turai ana zuba gishiri a kan titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin siraran bututun ƙarfe da ke kai man birki zuwa ƙafafu. Sai a ga fenti yana ƙyalli, kujeru tsaf, alhali a ƙarƙashi tsatsa ta kusa huda bututu.

Abin da ke faruwa idan an taka

Birkin irin waɗannan motoci da mai yake aiki. Idan direba ya taka, masta tana tura man ta cikin bututu zuwa ƙafafu huɗu. A gaba, kalifa ce ke matse fad biyu a jikin faifan da ke juyawa tare da taya. A baya, a yawancin a-kori-kura, fot ne ke buɗe lainin ya goga jikin duram daga ciki. Sirrin abin duka shi ne ruwa ba ya matsuwa, don haka ƙarfin da aka sa a wannan baki yana isa wancan baki cif. Iska da tururi kuwa suna matsuwa. Idan ɗayansu ya shiga bututu, ƙafar direba za ta nutse har ƙasa tana matse iska, tayoyi suna ci gaba da gudu.

Tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara tilasta wa masu ƙera motoci a Amurka su raba layin birki gida biyu, don idan ɗaya ya fashe ɗayan ya riƙe mota, daga baya kuma duniya ta bi. Wannan tanadi ya ceci rayuka, amma a hannun mai sakaci ya zama abin ɓoye laifi. Mota za ta yi wata da watanni tana tsayawa da layi ɗaya, direba yana cewa birkin ya ɗan yi ƙasa ne kawai. Ranar da na biyun ya tafi, sai a ce birki ya shanye farat ɗaya, alhali ya daɗe yana ba da sanarwa.

Man birki kansa yana tsufa, abin da masu mota da yawa ba su yarda da shi ba. Nau'in DOT 3 da DOT 4, waɗanda su ne a kasuwa, suna zuƙar danshi daga iska a hankali. Bisa ƙa'ida, sabon DOT 3 ba zai tafasa ba sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salsiyos, DOT 4 kuma 230. Idan ruwa ya shiga kimanin kashi 3.7 cikin 100, ƙa'idar ta sauko zuwa 140 da 155. Wannan ne ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. A garejinmu kuwa ƙari ake yi, ba a canzawa. Wata motar man da ta baro Turai da shi yana nan a ciki, ya yi baƙi ƙirin, ruwan da ya sha yana cin masta da fot daga ciki.

Yadda hanya da lodi ke cinye shi

Ƙasar Sakkwato shimfiɗaɗɗiya ce, babu doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a Filato inda birki ke ƙonewa don yawan takawa. Wannan sauƙi ne, kuma shi ne tarkon. Direba yana iya yin tafiya mai nisa yana rage gudu da giya, bai taɓa neman cikakken ƙarfin birkinsa ba. Ba a gane rauninsa sai ranar kasuwa a bakin titi, lokacin da yaro ya ƙetara, ko saniya ta faɗo, ko mai babur ya juya ba sigina. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Idan birkinta irin wanda sai an buga sau biyu yake kamawa ne, tazarar da aka yi asara a bugun farko ita ce tsakanin tsira da jana'iza. Idan kuma gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yana ninka huɗu. Ga matsalar tsaro a yankunan da ke maƙwabtaka da Zamfara, wadda ta sa direbobi suke ƙara wuta don su fita daji kafin duhu.

Damina ce babbar abokiyar gaba. Duk lokacin da mota ta ratsa ruwa, laka da yashi suna shiga duram su zauna, su riƙa cin lainin kamar ana goga shi da dutse. Robar da ke rufe fistin na kalifa idan ta tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama, fistin ya ƙi komawa. Daga nan fad yana manne da faifai ko ba a taka ba. Wannan shi ne tushen zafin birki a ƙasa mai shimfiɗa: ƙafa ɗaya tana ta gogawa daga Tambuwal har Sakkwato, tsohon man da ya sha ruwa ya tafasa, direba ya taka ya ji wayam. Bayan rabin awa man ya huce, birki ya dawo, kowa ya ce abin mamaki, a ci gaba da tafiya.

Akwai kuma laifuffukan da ba na birki ba ne amma shi suke kashewa. Robar da ke tare man giya a bakin aksul na baya idan ta mutu, man yana malalowa cikin duram ya jiƙa lainin, lainin da ya sha mai kuwa ya gama aiki, ko an wanke shi da fetur. Boris idan ya yi sako-sako, faifai yana rawa ya tura fad baya, sai birki ya riƙa yin ƙasa ba tare da ɗigon mai ya zuba ba. A tsofaffin Hilux masu shan gas, famfon da ke ba busta ƙarfi, wato na'urar da ke sauƙaƙa wa direba taka birki, a bayan altaneta yake. Idan bel ya tsinke, ko aka sa wata altaneta marar famfo, birki zai yi tauri kamar an taka dutse.

Sai lodi. A-kori-kura irin Hilux kimanin tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, wato buhu goma masu kilo 100. Kowa ya san abin da ake ɗora mata ranar kasuwa, ga mutane a saman buhunan. Don kada ta durƙushe, sai a ƙara mata sifirin. Abin da ba a lura da shi shi ne, a ƙarƙashin waɗannan motoci akwai wani bawul da ke auna yadda bayan mota ya sauka, ya ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki gwargwadon nauyi. Idan an ƙara sifirin, baya ba ya sauka, bawul ɗin ya ɗauka mota ba kaya, ya rage wa baya ƙarfi a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Manyan tayoyin da ake sawa don rairayi su ma suna ƙara wa birki wahala.

Lallaɓawa

Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya san hirar. Bakanike ya ce, "Alhaji, wannan fa sai an canza, ta gama." Mai mota ya ce, "Haba malam, ka dai lallaɓa mini ita zuwa bayan kasuwa." Bakanike ya san idan ya ƙi, na kusa da shi zai karɓa. Daga wannan hira dabarun da ke kashe mutane suke fitowa.

Fot ɗin ƙafa ɗaya yana yoyo, sai a toshe bututunsa da ƙusa ko a lanƙwasa shi da filaya, mota ta koma tsayawa da ƙafa uku, tana fizga gefe duk lokacin da aka taka da ƙarfi. Man birki ya ƙare a daji, sai a zuba ruwan omo, wanda ke tafasa da wuri kuma yake haifar da tsatsa. Wani ya zuba baƙin mai ko man sitiyari, waɗanda ke kumbura duk wata roba da ke cikin layin, ta yadda gyaran fot ɗaya zai koma canza masta da fot da kalifa da tiyo gaba ɗaya. Fitilar gargaɗi ta dami direba, sai a cire ƙwan. A bakin tasha kuma ana sayar da man birki a buɗaɗɗiyar kwalba, ya sha danshi tun kafin ya shiga mota.

Tsohon doki sai mai shi, kuma direban irin wannan mota yakan yi alfahari da hakan: ya san sau nawa zai buga, ya san gefen da take fizga. Amma mota ba ta zama a hannun mutum ɗaya. Ran nan ɗansa ne zai ja, gobe yaron mota, jibi maƙwabci da ya ara don kai marar lafiya asibiti, babu wanda ya san sirrin a cikinsu.

Daga ina tsadar take

Birki sarƙa ce, kowane abu idan ya mutu yana jan na kusa da shi. Fad shi ne mafi araha, an kuma yi shi ne don ya cinye. Idan aka bar shi har ƙarfe ya fara cin ƙarfe, faifai ya tafi. Fistin ya fito fiye da kima, robarsa ta yage, kalifa ta tafi. Zafin ya narkar da giris, boris ya bi su. Abu guda da aka ƙi saye ya zama huɗu, kuma kowannensu ya fi na farkon tsada. Haka man birki: kwalba biyu ko uku da aikin awa ɗaya, idan aka yi shekaru ba a yi ba, su ne ke komawa sabuwar masta da fot biyu.

Sannan ga naira. Kusan duk waɗannan kaya daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni aka saki naira, kafin tsakiyar 2024 ta haura 1,500. A ranar 29 ga Mayun 2023 ɗin ne kuma aka sanar da cire tallafin fetur, kuɗin dakon kaya ya tashi. Mai mota ya sami kansa a tsakiya: abin da zai saya ya ninka, fasinjansa manomi ne da ba zai iya biyan ninkin ba, abin da ya rage a hannunsa kuma fetur ya cinye. A irin wannan hali gyaran da za a iya ɗagawa shi ake fara ɗagawa.

Nisa ma kuɗi ne. Fad da lainin na Hilux ana samu a kusa. Amma kalifar tsohuwar Pajero ko mastar Land Rover sai an aika Sakkwato, idan babu a kira Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, ko Nnewi. A tura kuɗi, a jira a ɗoro a mota, kaya su iso a tarar ba irinsu ba ne, domin samfuri guda yana da bambanci tsakanin wanda aka yi wa Turai da na Amurka da na ƙasashen Larabawa. Duk kwanakin nan mota tana kan jak, ba ta kawo ko sisi.

Mafi ciwo shi ne abin da ke samun masu jif na alfarma da suka tsufa. Land Cruiser samfurin 100, ta 1998 zuwa 2007, da Pajero zubi na uku da ta fito a 1999, da yawansu ba su da busta irin ta da. Famfon lantarki ne da tulun iskar gas suke tara ƙarfin birki, an haɗe su da masta da na'urar ABS a dunƙule guda. Idan famfon ya gaji, ƙararrawa za ta yi ta kuka, daga baya birki ya yi tauri. Sabon dunƙulen yana da tsadar da ke sa mutum ya sake lissafin darajar motar kanta, na Beljiyam kuwa sa'an wanda ya mutu ne. Wani lokaci ko cire iska daga cikinsa sai da kwamfutar gwaji, wadda ba kowane gareji ke da ita ba. Wanda ya karɓi irin wannan mota kyauta ko a gwanjo yana murna, bai san ya karɓi bashi ba. Ga mai zirga-zirga a ƙauyukan Kebbe, mota mai birki irin na da, wanda bakaniken garinsu zai iya kwancewa ya mayar, ta fi masa wadda ta fi ta kyau.

Game da kayan Beljiyam, a rarrabe. Ƙarfe yana iya yin rai biyu: gangar kalifa, duram, da faifai idan kaurinsa bai gaza adadin da aka buga a jikinsa ba. Roba kuwa shekaru ke kashe ta ko ba a yi aiki da ita ba, don haka tiyo da robobin masta da na fot sababbi ake nema. A cikin sababbin ma akwai jabu, kwali mai sunan babban kamfani, abin da ke ciki kuwa da ya ji zafi sai ya yi santsi ko ya ɓare daga ƙarfensa. Araha ba ta ado, a nan kuma har rai take ci.

A gyara ko a rabu da ita

Masu mota sukan auna kuɗin gyara da abin da suka sayi motar shekaru goma da suka wuce, sai su ga gyaran ya yi yawa. Ma'aunin da ya dace shi ne kuɗin wata motar da za ta maye gurbinta yau, wadda ita ma tsohuwa ce, da nata ɓoyayyun laifuffuka. Idan shasi lafiya yake, inji da giya suna da sauran rai, kayanta kuma ana samunsu, gyaran birki gaba ɗaya, daga masta har ƙafafu, ya fi sauya mota sauƙi nesa ba kusa ba, kuma yana ɗaukar shekaru. Idan tsatsa ta ci shasi, ko kowane ƙaramin abu sai an jira Legas, to kuɗin da za a zuba ba zai dawo ba, gara a sayar wa masu ɓaɓɓalla ta. Wanda zai sayar wa mai hawa kuma ya faɗi aibinta, domin ɓoye aibin haja haramun ne, balle aibin da ke kisa.

Idan kuɗi ba su kai a yi duka lokaci guda ba, akwai tsari. A fara da duk inda mai ke zuba, da bututun da ya yi tsatsa, da tiyon da ya tsage. Sai kalifar da ta ƙame da robar aksul da ke yoyo. Sai fad da lainin, kuma dama da hagu tare ake canza su. A ƙarshe a zubar da tsohon mai a sa sabo daga rufaffiyar kwalba. Birkin hannu ma a gyara shi, don da waya yake aiki, shi ne abin da ya rage idan mai ya tsiyaye. Wanda bai iya ko matakin farko ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Direba kuma ya san abin yi idan abin ya auku: ya buga birki da sauri sau da yawa, ya sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ya ja birkin hannu a hankali ba fizga ba, kada ya kashe inji don sitiyari zai yi nauyi, ya nemi rairayin gefen hanya. Bayan ratsa ruwa, ya ɗan taka birki yana tafiya a hankali har ya bushe kafin ya hau kwalta.

Rabon hukuma da na tasha

Ba mai mota kaɗai ke da laifi ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa shanyewar birki cikin dalilan haɗari a rahotanninta, jami'an duba motoci na VIO kuma su ke da alhakin ba da takardar shaidar lafiyar mota. Amma takardar da aka karɓa tare da sabunta lasisi, ba tare da wani ya leƙa ƙarƙashin motar ba, kuɗin shiga ce kawai ga gwamnati. Hana jabun kaya shigowa aikin hukumar kula da ingancin kaya ta SON ne da kwastan, manomin Kebbe ba shi da hanyar gane fad na gaske ta kallon kwali. Ma'aikatu da ƙananan hukumomi su ma su daina yin gwanjon motar da suka san ba ta tsayawa ba tare da sun bayyana ba. Gyaran hanyoyin karkara da gina kwalbatoci kuwa, ko ba a yi shi da sunan birki ba, yana rage lakar da ke cin sa.

Abin da ya fi kusa da hannu yana tasha. 'Yan yuniyon sun san kowace mota da direbanta, su ne ke ba da layin lodi. Gwajin da ba ya cin minti biyu ya isa ya tace mafi munin motoci: a taka birki a riƙe a ga ko yana nutsewa, a duba tulun mai, a leƙa bayan tayoyi ko akwai jiƙa. Ƙungiyar kanikawa ta NATA kuma za ta iya haɗa kan 'ya'yanta a kan cewa babu mai toshe layin birki ko da an roƙe shi, ta yadda mai mota ba zai sami na kusa da zai karɓa ba.

Idan haɗari ya faru mukan ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne babu mai wuce kwanansa. Sai dai addinin da ya koyar da yarda da ƙaddara shi ne ya ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Mutumin da ya san motarsa da ƙafa uku take tsayawa, ya cika ta da mutane, yana da tambayar da zai amsa.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki a Tambuwal da Kebbe sananne ne: watan Oktoba, ruwa ya ɗauke, lakar damina tana cikin duram, jigilar kaka kuma ba ta kankama ba. A nan ne ya kamata a cire ƙafafu huɗu, a wanke, a auna, a canza abin da ya cinye, kafin a fara ɗora buhuna. Wanda zai sayi tsohuwar jif kuma ya ware kuɗin birki tun a cikin kuɗin ciniki, ya kai ta gareji kafin ya kai ta wurin mai fenti.